Babi na Biyu: Tarihin Tallafa wa Al'umma da Kuɗi Don Rage Giɓin Kiwon Lafiya a Nijeriya, 1975-2019

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. Shi kuwa wannan babi zai waiwayi tarihin yadda hukumomi suka riƙa bai wa al'ummomin ƙauyuka da unguwanni tallafin kuɗi ko na magunguna domin su gudanar da ayyukan kiwon lafiya da kansu a Nijeriya, tun daga shekarar 1975 har zuwa 2019. Haka kuma za a leƙa Jamhuriyar Nijar, domin a can ne aka yi wani gwaji da ya fito da matsalar fili. Masu iya magana dai na cewa waiwaye adon tafiya ne.

Abin da babin yake son nunawa shi ne, kusan duk shirin da aka ƙirƙiro a tsawon waɗannan shekaru ya zo da sharaɗin cewa al'umma ta kawo nata kason kuɗi, kuma wannan sharaɗi shi ne ya riƙa rufe ƙofa ga mafi talaucin jama'a, alhali kuwa domin su aka ce an yi shirin.

2.1 Ma'anar Giɓin Kiwon Lafiya

Giɓin kiwon lafiya shi ne bambancin da ake samu tsakanin wani rukuni na jama'a da wani ta fuskar yawan cuta da mace-mace da samun magani, wanda kuma asalinsa talauci ne ko nisan wuri ko rashin ilimi, wato abubuwan da hukuma take da ikon gyarawa. Wani likita ɗan ƙasar Birtaniya mai suna Julian Tudor Hart ya yi nuni a shekarar 1971 cewa a inda aka bar harkar magani a hannun kasuwa, waɗanda suka fi buƙatar kulawar likita su ne suka fi rasa ta.

Idan aka dubi Nijeriya za a ga gaskiyar wannan magana. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ne suke rasuwa kafin su cika shekara biyar. To amma da aka rarraba adadin shiyya-shiyya, sai aka ga 187 ne a Arewa maso Yamma, 62 kuma a Kudu maso Yamma. A jihar Kebbi adadin ya kai 252, a jihar Ogun kuwa 30 ne kacal. Har ila yau, a karkara 157 ne, a birane 92. Wannan tazara ita ce shirye-shiryen da za a yi bayani a kansu suka yi niyyar ragewa.

2.2 Taimakon Kai da Kai Kafin Zuwan Shirye-shiryen Tallafi

Haɗa hannu don amfanin kowa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai aikin gayya, wanda da shi ake yashe rijiya da gyaran hanya da ginin masallaci. Akwai adashi a tsakanin mata da 'yan kasuwa, ga kuma zakka da sadaka waɗanda addinin Musulunci ya tanada domin mabuƙata. Ta ɓangaren magani kuwa, wanzamai da ungozomomi da maɗora da masu saiwoyi su ne likitocin gari, kuma sau da yawa ba a yanka musu farashi, gwargwadon ƙarfin mutum gwargwadon abin da zai bayar.

A zamanin mulkin mallaka, hukumomin En'e ne suka riƙa gina ɗakunan shan magani a manyan garuruwan gundumomi, suna biyan malaman asibiti daga baitulmali, wanda shi kuma haraji da jangali ne suke cika shi. Ke nan talaka ya riga ya biya kuɗin maganinsa tun lokacin da ya biya haraji, sai dai ba shi da ta cewa game da inda za a gina ɗakin shan maganin ko yadda za a tafiyar da shi. Bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na shekarar 1976, wannan nauyi ya koma kan sababbin ƙananan hukumomi. A shekarar 1979 kuma gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna da wannan mataki, amma daga nan ƙananan hukumomin waɗannan jihohi suka ƙara dogara ga kason da ake aiko musu daga sama.

2.3 Zamanin Gine-gine da Taron Alma-Ata

A cikin Tsarin Raya Ƙasa na Uku, wanda ya kama daga 1975 zuwa 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, gwamnatin tarayya ta fito da wani shiri na samar da kiwon lafiya a matakin farko. An tsara cewa kowane yanki mai mutum 150,000 zai sami babbar cibiyar lafiya ɗaya da matsakaita huɗu da ƙananan asibitoci 20 da kuma na tafi-da-gidanka biyar. Shirin ya fi ba da ƙarfi ga gini da sayen kayan aiki masu tsada, kuma daga Legas aka zana shi ba tare da shawartar waɗanda za su amfana ba. Saboda haka gine-gine da yawa ba a kammala su ba, waɗanda aka kammala kuma wasu suka rasa ma'aikata. Babban abin da ƙasa ta ci gajiya daga shirin shi ne makarantun koyon aikin lafiya da aka buɗe a jihohi.

Ana cikin haka ne, a watan Satumba na shekarar 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, suka kira taro a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda wakilan ƙasashe 134 suka halarta. Taron ya yi tir da bambancin da ke tsakanin masu hali da marasa hali wajen samun lafiya, ya sa burin samar da lafiya ga kowa kafin shekarar 2000, sannan ya jaddada cewa jama'a suna da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su sa hannu wajen tsara ayyukan kiwon lafiyarsu da aiwatar da su. Abin da taron bai warware ba shi ne inda ƙasashe matalauta za su samo kuɗin yin wannan aiki.

2.4 Ƙananan Hukumomin Gwaji na Ransome-Kuti

Mutumin da ya fi kowa ƙoƙarin aiwatar da ƙudurin Alma-Ata a Nijeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe muƙamin ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992 a gwamnatin Janar Ibrahim Babangida. A shekarar 1986 ma'aikatarsa ta zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, ta ba kowacce tallafin kuɗi, ta kuma haɗa su da jami'o'i da makarantun koyon aikin lafiya domin su riƙa yi musu jagora. An kafa kwamitocin lafiya a ƙauyuka da gundumomi. Kowane ƙauye shi ne yake zaɓar wanda za a horar a matsayin ma'aikacin sa-kai, aka kuma ƙara wa ungozomomin gargajiya sani game da tsabta da alamomin haɗari lokacin haihuwa. A shekarar 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa, wadda ta sa kiwon lafiya a matakin farko ya zama ginshiƙin komai. Zuwa shekarar 1990, alƙaluman gwamnati sun nuna cewa rigakafin yara ya kai kimanin kashi 80 cikin 100. A shekarar 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa domin ta ci gaba da aikin.

Sai dai wannan yunƙuri ya zo daidai da lokacin tsuke bakin aljihu. A shekarar 1986 ɗin ce gwamnati ta shiga shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, darajar naira ta faɗi, farashin magungunan da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Mara lafiya yakan je asibitin gwamnati a duba shi, a rubuta masa takarda, a ce ya je kemis ya saya, domin ɗakin ajiyar magani ya zama wayam.

2.5 Shirin Bamako

Ba Nijeriya kaɗai ce ta shiga wannan hali ba. A watan Satumba na shekarar 1987 ministocin lafiya na ƙasashen Afirka suka yi taro a Bamako, babban birnin Mali, inda shugaban UNICEF na lokacin, James Grant, ya gabatar da shawarar da aka sa wa suna Shirin Bamako. Yadda shirin yake shi ne, gwamnati ko masu ba da agaji za su ba asibitin ƙauye magungunan yau da kullum a matsayin jari, sau ɗaya. Asibitin zai riƙa sayar wa marasa lafiya da 'yar riba kaɗan, kuɗin da aka samu a sake sayo wani maganin da shi, rarar kuma a yi ƙananan hidimomi kamar sayen kananzir na firijin ajiye allurar rigakafi. Kwamitin da jama'ar gari suka zaɓa shi ne zai sa ido a kan asusun. Ƙasashen Binin da Gini su ne suka yi fice wajen aiwatar da shi, a Mali kuma mazauna unguwar Bankoni ta birnin Bamako suka kafa asibitin al'umma na farko a shekarar 1989. Nijeriya ta amince da shirin a shekarar 1988, aka fara da 'yan ƙananan hukumomi kaɗan, sannan aka riƙa faɗaɗawa.

Babu shakka shirin ya dawo da magani a wuraren da ya yanke. Wani nazari da aka yi a jihar Enugu, wanda aka buga a shekarar 2002, ya gano cewa asibitocin da ke cikin shirin suna da nau'o'in magani fiye da ninki biyu na waɗanda ba sa ciki. To amma nazarin ya kuma gano cewa a asibitocin shirin akan rubuta wa mara lafiya magani kusan kala biyar a zuwa ɗaya, a sauran kuwa kimanin kala biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, tun da yawan ciniki shi ne yawan kuɗin shiga.

Matsala ta biyu ita ce ta waɗanda ba su da abin biya. A rubuce, an ce kwamiti ya yafe wa gajiyayyu. A aikace kuwa, duk maganin da aka bayar kyauta daga jikin jari yake fita, kuma babu wani asusu na daban da zai mayar da gurbinsa. Saboda haka kwamitin da yake son jarinsa ya ɗore dole ya taƙaita yafiya. Ƙari a kan haka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka fi kama yara a ƙasar Hausa shi ne damina, wato daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, manomi bai girbe sabon amfani ba, hannunsa kuma babu kuɗi. Matsala ta uku ita ce hauhawar farashi, domin kuɗin da aka tara a farkon shekara ba ya iya sayo adadin maganin da aka sayar, sai jarin ya riƙa zaizayewa a hankali har ya karye.

2.5.1 Gwajin Jamhuriyar Nijar

Tambayar da ta taso daga waɗannan matsaloli ita ce, shin akwai hanyar da al'umma za ta ba da nata kason ba tare da an kori talaka daga asibiti ba? A tsakanin 1993 da 1994 gwamnatin Nijar ta gwada hanyoyi biyu. A gundumar Say an sa mara lafiya ya biya a bakin asibiti, babba sefa 200, wato dala 40 a lissafin mutanen ƙasar, yaro kuma sefa 100. A gundumar Boboye kuwa an ɗora wa kowane mai biyan haraji ƙarin sefa 200 a shekara, sannan in ciwo ya zo babba ya biya sefa 50, yaro 25. A dukkan gundumomin biyu an zuba magunguna an kuma horar da ma'aikata. Gundumar Illela ta jihar Tawa an bar ta yadda take domin a sami abin kwatantawa.

Sakamakon ya nuna cewa a Boboye masu zuwa asibiti sun ƙaru sosai, musamman talakawa da mata da yara, alhali a Say ba a ga irin wannan ƙaruwa ba. Abin lura a nan shi ne, a wurare biyun duka jama'a ne suka biya. Bambancin kawai, mutanen Boboye sun biya mafi yawan kuɗin tun suna da lafiya, kuma nauyin ya rabu a kan kowa, mutanen Say kuwa mara lafiya ne kaɗai ya ɗauka, a ranar da ya fi kowa rauni. Duk da haka, tsarin biya a bakin asibiti shi ne ya fi yaɗuwa a ƙasar daga baya. Sai a shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar biyan kuɗin magani, amma jinkirin da aka riƙa samu wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya jefa da yawansu cikin bashi da ƙarancin magani.

2.6 Shekarun Koma-baya da Zuwan PTF

A Nijeriya, bayan soke zaɓen 12 ga Yuni na shekarar 1993, dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin soja da ƙasashen Yamma, agajin da ake samu daga waje ya ragu. Yawancin ƙananan hukumomi kuma abin da suke samu a biyan albashi yake ƙarewa. Ma'aikatan sa-kai na ƙauyuka, waɗanda ba su da albashi, suka koma gonakinsu, kwamitoci da yawa suka daina zama. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin ƙasar, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000.

Asusun Rarar Man Fetur, wato PTF, wanda gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa a ƙarƙashin shugabancin Janar Muhammadu Buhari, ya rarraba magunguna masu yawa ga asibitocin gwamnati domin su zama jarin da za a riƙa juyawa. Jama'a sun ga magani a asibiti, amma daga sama aka sayo shi aka aiko, ba tare da kwamitocin gari sun faɗi abin da suke buƙata ba. Da aka rushe asusun bayan komawa mulkin farar hula a shekarar 1999, sai shirin ya bi shi. Binciken lafiyar jama'a na shekarar 2003 ya nuna cewa kashi 13 cikin 100 ne kacal na yaran Nijeriya suka sami cikakken rigakafi, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 4.

2.7 Tallafi Kai Tsaye ga Al'umma

Daga farkon shekarun 2000 Bankin Duniya ya shigo da wani sabon salo, wato a miƙa kuɗi hannun al'umma kai tsaye ta zaɓi aikin da take so. An fara da wasu shirye-shirye biyu, daga baya aka haɗe su suka zama shirin raya al'umma da aka fi sani da CSDP, wanda ya fara aiki a shekarar 2009 da rancen dalar Amurka miliyan 200. Ƙa'idar ita ce, al'umma za ta rubuta takardar nema zuwa ga hukumar shirin ta jiha, ta yi taron gari ta jera buƙatunta, ta zaɓi kwamitin gudanarwa, ta buɗe asusu a banki, sannan ta kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko tsabar kuɗi ko kayan gini ko aikin ƙarfi. Da wannan tallafi ƙauyuka da yawa suka gina ƙananan asibitoci da rijiyoyin burtsatse da azuzuwan makaranta, kuma da yake idon jama'a yana kan kuɗin, an fi samun kammala aiki fiye da yadda aka gani a zamanin gine-ginen 1975.

Duk da wannan nasara, sharuɗɗan shirin sun fi sauƙi ga garin da yake da 'yan boko masu iya rubuta takarda da 'yan kasuwa masu iya cika kashi 10. Rugar Fulani ko ƙauyen da ke can ƙurya, wanda babu makaranta a cikinsa kuma banki ya yi masa nisa, shi ne zai fi shan wahalar cika su, ko da yake shi ne ya fi buƙata. Sannan tallafin na gini ne. Ɗaukar ungozoma da biyan ta albashi da zuba magani duk suna wuyan ƙaramar hukuma, kuma in ba ta yi ba, ginin ba zai yi wa mai naƙuda amfanin komai ba.

2.8 Dokar Lafiya ta 2014

A watan Oktoba na shekarar 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko. Dokar ta tanadi cewa a riƙa zuba wa asusun aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya duk shekara. Ta kuma kasa kuɗin kamar haka: kashi 50 na biyan kuɗin maganin jama'a ta hanyar inshorar lafiya, kashi 20 na magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 na gyaran asibitoci da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na horar da ma'aikata, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Ba a sa kuɗin a kasafi ba sai a shekarar 2018, lokacin da aka ware kimanin naira biliyan 55, aka fara rabawa a 2019.

Wannan asusu ya bambanta da na baya ta fuska biyu. Na farko, kuɗi ne da doka ta ce a riƙa bayarwa kowace shekara, saɓanin jarin Bamako da ake bayarwa sau ɗaya. Na biyu, an tsara wani ɓangare nasa ya riƙa shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye, kwamitin raya mazaɓa kuma ya sa hannu wajen tsara yadda za a kashe shi. Amma a nan ma tsohon sharaɗin bai ɓace ba, ya dai hau sama ne, domin dokar ta ce jihohi da ƙananan hukumomi su kawo kashi 25 cikin 100 na kuɗin ayyukan da za a tallafa musu. Jihohin da kuɗin shigarsu na cikin gida ya fi ƙaranci, da yawansu su ne waɗanda yaransu suka fi mutuwa.

2.9 Naɗewa

A wannan babi an bi diddigin tallafin kiwon lafiya ga al'umma a Nijeriya tun daga shirin gine-gine na 1975, zuwa ƙananan hukumomin gwaji na 1986, da Shirin Bamako, da magungunan PTF, da tallafin CSDP, har zuwa asusun da dokar 2014 ta kafa. An ga cewa inda aka damƙa wa jama'a amanar kuɗi an fi samun magani a asibiti da kammala aiki, inda kuwa aka tsara komai daga sama, shiri yakan mutu da mutuwar hukumar da ta kawo shi. An kuma ga cewa neman kason al'umma, ko daga mara lafiya a bakin asibiti, ko daga ƙauye kafin a ba shi tallafi, ko daga jiha kafin a sakar mata kuɗi, ya fi nauyi a kan mara ƙarfi. Gwajin Boboye ya nuna cewa ana iya rage wannan nauyi idan aka tara kuɗin tun kafin ciwo ya zo, aka kuma raba shi a kan kowa. Babi na gaba zai duba yadda ake zaɓen kwamitocin raya mazaɓa, da irin wakilcin da mata da mazauna rugage suke da shi a cikinsu.